Jirgin Malam Nomau, kamu goma sha bakwai

Zuwa ga mahaifina, Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahamarSa. Yau wata goma sha huɗu da kwana shida da muka kai ka makwancinka a Tajaye. Sakamakon jarrabawata ya fito bayanka da sati uku. Yanzu ina aiki a wani shantiye kusa da Ƙonni, inda ake gina hanyar ruwa ta siminti don noman rani. An ba ni ɗaki ɗaya bayan magazan, inda ake ajiye kayan aiki, da gado da tebur. Ma'aikata na kirana Mushe, yadda ake kiran manyan 'yan boko, kuma in na zo wajen tuwo sai hira ta tsaya.

Na yi kuskure a wurin aiki, Baba. Ba wanda zan faɗa wa sai kai.

An so a auna zurfin tafkin da ke ƙarshen hanyar ruwan, a san yawan laka da ta taru. Aikin na bukatar jirgi. Aka aike ni wajen wani tsohon masunci, Malam Nomau, mutumin bakin kogi da ya yi shekaru yana kamun kifi a bayan madatsa. Jirginsa na katako ne, ɗinkakke, shi kaɗai gare shi. Ya yarda, da sharaɗi ɗaya: ba za a fitar da shi daga ruwa ba, don ɗinkin ya tsufa, in aka ɗaga shi zai buɗe. Sai dai a bi da shi ta hanyar ruwan.

A tsakiyar hanyar akwai wani ɗakin ruwa na siminti inda yashi ke kwantawa. Ƙofa biyu gare shi, ta sama da ta ƙasa, kowace ana toshe ta da katakai da ake jerawa cikin tsagi. Ruwan sama ya fi na ƙasa tudu. Dole a rufe ta sama kafin a buɗe ta ƙasa, in ba haka ba ruwa ya kwashe gonakin da aka fara shukawa. Tsawon ɗakin mita tara ne daidai, faɗinsa huɗu. Ni na auna, sau biyu.

Jirgin kuwa ban auna ba. Ranar da na je yana can tsakiyar ruwa da taru a ciki. Na tambayi tsawonsa, Malam Nomau ya ce kamu goma sha bakwai. A lakwal, makarantar boko, an koya mana kamu rabin mita ne. Na rubuta mita takwas da rabi, na sa hannu, na kai buro, wato ofis. Ina kallon mutumin tsaye, dogo ne, sai ya sunkuya kafin ya shiga bukkarsa, amma ban kawo hannunsa a raina ba.

Ranar Talata da hantsi jirgi ya shiga ɗakin ruwa, hancinsa ya taɓa ƙofar ƙasa, gindinsa na waje. Na sa ma'auni: mita tara da santimita talatin da biyar.

Shef, shugaban aikin, ya zo da motarsa, ya dubi takardata, ya dube ni. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa ya yi kawai in la'asar ta yi ba a wuce ba, a kira kafinta ya yanke hancin jirgin, aiki ba zai tsaya ba. Malam Nomau na zaune a cikin jirginsa. Ya ɗago kai ya ce mini, «Ɗan lakwal, ni dai ban yi maka ƙarya ba. Sha bakwai na ce, sha bakwai ne. In za ku yanke shi, ku fara da ni, ina ciki.» Ma'aikata suka yi dariya. Shi bai yi ba.

Na zauna bakin siminti da takarda a gwiwa, ba na ganin komai a kanta. Mutum ashirin ne a wurin, ba wanda ya zauna kusa da ni.

A nan ka faɗo mini a rai. Ka tuna shekarar da ka yi wa Kawu Idi rufin ɗaki, aka kawo azara ta ƙi wucewa zaure? Ana ta cewa a fasa bango. Kai ka sa aka tura kanta cikin kusurwa, aka karkato gindinta, ta shige. Ina riƙe da ƙwaryar ruwanka a lokacin. Abin da ka ce da su shi ne, «Ku daina tura ta miƙe, ɗaki ya fi tsawo ta kusurwa.»

Na yi lissafin. Daga kusurwar ƙasa ta hagu zuwa gefen dama na ƙofar sama, mita tara ne da santimita arba'in da ɗaya. Saura shida. Na sake yi sau uku, don na daina yarda da kaina. Sannan na sauka cikin ruwa da rigata, na bayyana wa Malam Nomau. Ya daɗe yana duban kusurwar. Ya ce, «Yatsa nawa ke nan?» Na ce uku. Ya ce, «Naka ko nawa?»

Muka naɗe hancin jirgin da tsohon buhu, muka tura shi cikin kusurwa. Mutum huɗu suka ja gindin da igiya zuwa dama. Katakon farko na ƙofar sama ya shiga tsagi, na biyu ya shiga, na uku ya goge gindin jirgin har na ji ƙarar a haƙorana, amma ya zauna. Aka riƙa cire katakan ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ruwa na sauka a hankali, ni ina tsaye a ciki har ƙirji, tafina tsakanin katako da siminti. Da ruwa ya daidaita muka mai da gindin cikin kusurwar baya, hancin ya zame ya samu ƙofa. Ana kiran la'asar jirgi ya fita, ba a taɓa shi da zarto ba.

Ma'aikata suka yi ihu, suka watse wajen alwala. Shef ya ce in gyara lambar a takarda. Na juya ina neman wanda zan kalla, ban samu ba.

Malam Nomau ne ya kira ni. Ya naɗe hannun rigarsa, ya miƙo mini hannu daga gwiwa zuwa kan yatsa, ya ce, «Auna, ka rubuta, kada ka sake cutar wani.» Santimita hamsin da biyar. Ina riƙe da hannun nan mai kaushi sai na ga ban taɓa riƙe naka haka ba. Na auna gadoji da rijiyoyi a lakwal, amma ban san kamunka ba, Baba, kai da ka gina rabin unguwarmu da shi.

Inna ta ce ɗakin da ka yi mata kamu goma ne. In na samu hutu bayan girbi zan je da ma'aunina, in auna bangon, in raba goma.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yalwata maka kabarinka, Ya haskaka shi. Ya sada mu a inda ba rabuwa. Amin.

Ɗanka mai kewarka,
Isufu