Kitse Ya Koma, Sabulu Bai Koma Ba

Daren Laraba, daminar 1943, Treichville.

Yau ma kumandan, Baturen mulkin garin nan, ya hana ni takardar tafiya. Wai yaƙi ake. Karo na uku ke nan, ga Inna kwance can gida a Ƙonni ba lafiya.

Na dawo na tarar ruwan sama ya kulle yara a ɗaki, matata Rabi tana haɗa sabulu tunda na kanti ya ɓace. Don su bar kuka, na ɗauko guntun kitsen da na rago daga mahauta. Muka narka shi a gwangwani ya zama ruwa, muka ajiye bakin ƙofa ya sake daskarewa. 'Yata Hadiza ta yi ta tsalle, sai da muka maimaita sau uku. Can uwarta ta zuba ruwan toka a nata kitsen, tana juyawa har ya kama.

Hadiza ta ce, "Baba, wannan ma mu mai da shi kitse."

Na ce, "Wannan ya riga ya sha toka, ba ya komawa."

Sai da suka yi barci na tuna ashe da Julanci, yaren da ake yi a nan, Hadiza ta tambaye ni, ba da Hausa ba. Ni ma da Julanci na amsa mata.