Jikata Za Ta Bi Hanyar da Aka Bar Yayata

Zuwa ga Hajiya Bakhita, mai filin shawarwari,

Assalamu alaikum. Ki taimaki tsoho da shawara, don abin da ke damuna ba na majalisar shan shayi ba ne. Ki kuma yi haƙuri, tsoho ba ya shiga magana ta ƙofa, sai ya zagayo ta bayan gida.

Tun ina yaro a gonakin auduga na Jazira, nan ƙasar da ke gabas da Cadi, nake jin ƙishin-ƙishin wai mu biyu iyayena suka ɗauko daga Haɗeja da niyyar Makka, ni a goye, da wata yayata mai shekara biyar. Wai zazzaɓi ya kwantar da ita a wani ƙauye gabas da garin Abashe na ƙasar Cadi, ayari kuma ba ya jira, sai aka ba wasu mutane amanarta, in an dawo daga hajji a ɗauke ta. Makka ba a je ba, gida ba a koma ba. Wanda ya fara faɗa mini yaro ne da na kayar a kokawa, na ɗauka gori ne. Ta biyu wata tsohuwa ce da ta fi rediyo labari. Sau ɗaya na tambayi mahaifina, ya dube ni, ya ci gaba da gyaran fartanyarsa. Na bar maganar a can, shekara hamsin ban waiwaye ta ba.

To ga abin da ya taso. Ɗana Ƙasimu malamin makaranta ne a unguwar Kalakla. Shi da matarsa Awadiyya sun ƙudura sai sun ga Haɗeja, kuma ba ta jirgi ba. Ta ƙasa, daga wannan lori zuwa wancan, su ratsa Cadi, kowa da jakarsa a baya. Har 'yarsu Kubra mai shekara shida an ɗinka mata 'yar jaka, kullum tana goye da ita tana zaga tsakar gida kamar kunkuru. Hanyar da iyayenmu suka bi don ba su da wata, ita jikokinsu za su bi don marmari. Ƙasimu ya ce so yake yarinyar ta ga tushenta. Ban ga laifinsa ba, don in na aike ta da Hausa, da Larabci take dawo mini da amsa.

Sun zo neman albarka, na yi ta kame-kame. Na ce zafi, ya ce da sanyi za su tashi. Na ce sauro, Awadiyya ta nuna mini gidan sauro sabo a leda. Da na rasa abin cewa, na ce su bar mini yarinyar, in sun dawo su ɗauke ta. Maganar na fita na tuna haka aka ce a kan yayata. Awadiyya ta sunkuyar da kai, cikin ladabi ta ce ita ba ta barin 'yarta ko'ina.

Na manta ban gaya miki ba, mahaifiyata Gogo ta rasu bara. Ita ta matsa muka baro Jazira muka zauna unguwar Umbadda, ƙarshen babban birni ta yamma. Shekara ashirin tana sayar da gyaɗa inda lorin yamma ke sauke mutane a kasuwar Suk Libya, har bayan mun isa ɗaukar nauyinta. Duk macen da ta sauko sai ta tambaye ta garinsu. Mun ɗauka son hira ne.

Hajiya, sauran wata guda su tashi. In hana su? Ina jin tsoron hanyar nan ta sake cin 'ya daga gidanmu. In kuma na faɗi dalili, na tona asirin iyayena suna ƙasa. Wata zuciyar kuma cewa take su je ɗin, ko Allah zai sa su samo labarin yayata.

Abin da ya sa na daina shakkar labarin yayata shi ne, makon jiya bayan la'asar an sake ba ni labarin, wannan karon a matsayin tatsuniya. Da tatsuniya aka raine ni, amma ban taɓa jin wadda ke da sunan ƙauye ba, da sunan maƙerin da ya karɓi yarinyar, wai Hadi, da sunanta, Kande. Na jira ƙarshe, mai bayarwa ta ce Gogo ta ce wannan ba ta da ƙurunƙus. Wadda ta faɗa mini ta ƙarshe kuwa, tana zaune kan cinyata da jakarta a baya, Kubra ce.

Naki,
Tsohon Umbadda

*

Baba, wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan Gogo, ya sa ta huta.

Tsoronka yana da tushe. Hanyar doguwa ce, yarinyar ƙarama ce, kuma asibiti ba a kowane zango yake ba. Amma ka duba ɗaya gefen. Iyayenka a ƙafa suka zo, cikin ayarin da ba su da iko da shi. Ƙasimu shi ne madugun kansa, in ya ce a tsaya an tsaya.

Saboda haka ka sa musu albarka, ka haɗa da sharaɗi guda: in ɗayansu ya kwanta, dukansu su zauna har ya tashi, ko dukansu su juyo. Ba a raba su, ko da na kwana ɗaya. Sauran kuma aikin hankali ne. A yi wa Kubra rigakafi tun yanzu, a riƙa dafa ruwan sha, a huta bayan kowace doguwar tafiya. A ɗinka sunanta da adireshinku a cikin rigarta. Su riƙa tambayar lafiyar hanya wurin direbobi kafin kowane zango, in an ce babu daɗi, kada su yi kunyar dawowa.

Batun tona asiri kuwa, ban ga asirin ba. Iyayenka ba yar da 'ya suka yi ba, ceton ranta suka nema. Uwar da ta yi shekara ashirin a bakin lori ba abin kunya ta bar muku ba. Ta kasa duban idonka ta faɗa, sai ta ba wadda ba za ta tuhume ta ba. Saƙo ne, kuma ya iso.

Ka kira Ƙasimu da Awadiyya, ka ba su labarin da bakinka. Su tambaya a ƙauyen, amma kada ka ɗora musu nauyin sai sun samo ta. Wataƙila su tarar da tsohuwa da jikoki, wataƙila kabari, wataƙila babu wanda ya tuna. Ko wanne ne, an je.

Kada kuma ka yi mamaki in ka ga ba su girgiza ba. Yarinya mai shekara shida ba ta ba mutum ɗaya kaɗai tatsuniya, Baba. Ka tambayi kanka abin da ya sa malamin makaranta ya ƙi jirgi ya zaɓi hanyar Abashe. Ina jin kai suke jira ka fara.

Allah ya kai su lafiya, ya dawo maka da su ukun cif, da labarin da zai sanyaya maka zuciya.

Hajiya Bakhita