Jar Dawarki Ta Fito, Inna

Assalamu alaikum, Inna. Ina gaishe ki gaisuwar girma, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

Labarin jar dawarki na kawo miki, wadda kike cewa kakanninmu sun taho da ita lokacin da suka biyo kogin Challawa, suka kafa garinmu a kan tudu don gudun ambaliya.

Da za ki dawo yau, sai kin nemi ɗan jagora. Jigawar arewa inda muke gyaɗa ta zama kamfanin fata, can nake aiki. Fadamar kudu tana nan, amma an daina shan ruwanta. Kukar kasuwa ta faɗi, 'yan adaidaita sun yi tasha a wurin.

Duk kaka kikan zaɓi zangarku masu kyau ki rataye saman murhu, hayaƙi ya hana ƙwari. Ko rumbu ya ƙare ba mai taɓawa. Kikan ce, "Wannan ta baɗi ce, ku kau da ido."

Bayan rasuwarki kowa ya koma irin zamani. Bara da za mu rushe madafarki na tsinci ɗan ƙullin jar dawar, ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi. Yaya Sani ya ce a ba kaji, na hana. Na bi gida-gida ina cigiyar irinta, ashe ita kaɗai ta rage a garin nan.

Gona kuwa babu. Na shuka a ɗan sararin da ke bayan katangar kamfani, maigadinmu mutumin Nijar yana korar min awaki. Wallahi na ji tsoro, Inna, don irin ya tsufa. Rabinsa bai fito ba. Wadda ta fito kuwa har ta leƙa katangar.

Ban ci ko ƙwaya ba, raba wa masu sauran gona na yi. Na kai wa ƙawarki Iya Abu zangarniya guda. Idonta ya tafi yanzu. Ban faɗa mata ko ta wace ce ba, na sa mata a hannu. Ta shafa, ta shinshina, sai ta kira sunanki. Ta daɗe tana kuka, ni kuwa raina fari tas.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya ba ki ladan duk wanda zai ci.

Autanki,
Isa