Rigar Da Ta Yi Wa Baban Yara Yawa

Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da jikoki. Yaya gwiwar? Man da na aiko kina shafawa, ko kin rabar wa maƙwabta kamar yadda kika saba?

Yaya, abin da na kasa faɗa miki a waya zan rubuta, don muryata tona min asiri take yi. Baban yara yana ramewa. Na daɗe ina rage masa ƙugun wando ban ce komai ba, shi ma yana sakawa bai ce komai ba. Abinci sai ya tsakura ya ture.

Kin san aikinsa ba irin na sauran matuƙa jirgin sama ba ne. Jirginsu yana kaiwa inda babu iskar shaƙa, shi ya sa kowannensu yake da rigarsa daidai jikinsa, mai igiyoyi tun daga hannu har idon sawu. Idan iskar cikin jirgi ta zurare, rigar ce take matse mutum gam, ta riƙe masa jini har ya sauko. In ta yi sako-sako, babu amfaninta. Da, in ya dawo daga gwaji, shatin igiyoyin nake gani jawur a haƙarƙarinsa, ina shafa masa mai yana cewa rigar ta fi ni tausayi. Yanzu ko shati babu.

Jiya bayan la'asar ya kawo min doguwar singiletin da suke sakawa a ciki. Wai in shimfiɗa auduga ta haƙarƙari da cinya, in yi ɗinki siriri yadda ba za a gane ba, don za a sake gwada musu rigunan. Ya ce shekarar nan kaɗai ta rage masa, yana so ya sauka da ƙafarsa, ba a sauke shi ba. Na ce wannan ha'inci ne, kuma auduga ba tsoka ba ce. Ya yi dariya, ya ce Malama Haramun ta fara wa'azi, in ba zan yi ba ai kasuwa cike take da teloli.

Singiletin tana kan keken ɗinkina. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta


Yayata,

Assalamu alaikum. Na ga amsarki, Allah ya saka da alheri. Ina gaida kowa da kowa.

Kin ce in lallaɓa shi. Na lallaɓa, Yaya, har kuka na yi. Ya ɗauke singiletinsa ya fita da ita, ta dawo a ɗinke, ɗinki mai kyau kuwa.

Na yi istihara. Washegari da safe na sa wandonsa guda a jaka na tafi wurin aikinsu, ɗakin da ake ajiye rigunan. Suna rataye a jere, kowace da kwalkwalinta a sama, sai ka ce mutane sun yi sahu. Har da sababbin da suke kumbura gaba ɗaya kamar balan-balan, na samarin matuƙa. Na gane tasa ba tare da na duba suna ba, don kafaɗar hagu ta ɗan sunkuya irin tasa.

Akwai wani dattijo da suke kira Tela, shi yake ɗaure masa igiyoyin nan tun kafin mu haifi babbarmu. Na gaishe shi. Sai na ciro wandon, na juya masa ciki ya ga layukan ɗinkina, ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe yana shafa su da yatsa. Ya ce shi ma ya ja igiya har baki ya haɗu da baki, yana ta yi wa kansa ƙarya cewa azumin nafila ne. Na gaya masa zancen audugar. Ya ce dole ya kai wa likita maganar, ina sane? Na ce ina sane.

An dakatar da baban yara daga tashi a ranar. Da ya dawo bai ɗaga murya ba, na so ma ya ɗaga. Ya tambaye ni ko ni ce, na ce ni ce. Ya kwashe kayansa ya koma ɗakin baƙi. Yanzu saƙo ta bakin 'yarmu yake aiko min: ki ce wa mamanki ruwan wanka. A gida ɗaya, Yaya.

Gobe za su kai shi babban asibiti. Na ce a raina ko me aka gano, gara da aka gano da wuri.

Taki,
Auta


Yayata,

Assalamu alaikum. Ki yafe min shirun da na yi. Ina fata gwiwar ta yi sauƙi.

Ba da wuri aka gano ba. Ciwon yana cikinsa, ya riga ya bazu. Likitan ya ce ko da na je tun farkon ramar, da wuya a ce wani abu ya canja. Sun sallamo mu da magungunan rage zafi.

Wannan ce maganar da take ci na. Ban ƙara masa ko kwana ɗaya ba. Abin da na yi kawai shi ne na karɓe masa 'yan tashin da suka rage masa. Na san a ƙarƙashin jirginsa akwai gidajen mutane, na san da za a sake kawo min singiletin nan ba zan ɗinka ba. Na san duk wannan, amma sani bai hana zuciya ciwo.

Tela ya zo dubiya. Suka yi hira har da dariya, Tela yana ce masa tsoho mai taurin kai. Da na shigo da shayi, hirar ta tsaya.

Yanzu da hantsi nake fitar masa da kujera baranda, lokacin da jiragen suke tashi. Daga ƙara yake gane wanda ke tuƙi, leɓensa na motsi. Nakan ajiye masa ruwa in koma ciki, don kada in tsare masa iska. Shekaranjiya na durƙusa gefen kujerar, na ce don girman Allah ya yafe min. Bai kalle ni ba. Na yunƙura zan tashi, sai ya ce:

"Ban yafe ba tukuna, Malama. Amma ki zauna."

Na zauna. Ban taɓa jin ya yi min ƙarya don ya faranta min ba, kuma ba na so ya fara yanzu.

Yaya, ki zo in gwiwa ta bar ki. Samun sauƙi kam na bar wa Allah. Abin da nake so ki roƙa min a sujada shi ne ya ara masa kwanaki har ya kai ga faɗar kalmar nan da bakinsa. Hannunsa ya fara kasa riƙe kofi.

Ƙanwarki,
Auta