Fom ɗin Celestine Yana Cikin Kabad ɗin da Ya Gyara

Daga: Martina Zamani,
Unguwar Bayan Coci, Manchok.

Zuwa ga: Maigirma Shugaban Kwamitin Tura Ɗalibai Makarantun Gaba,
Kafanchan.

Litinin, 19 ga Satumba, 1977.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: RIƘE FOM ƊIN ƘANENA, CELESTINE ZAMANI, NA SHIGA KWALEJIN SANA'A

Bayan gaisuwa da ladabi, ina roƙon a gafarta mini rubutuna, don a aji huɗu na firamare na tsaya. Sau uku na zo ofishinku da niyyar magana, amma da zarar an dube ni sai bakina ya mutu. Shi ya sa na rubuta.

Ni ce yayar Celestine, kuma ni ke riƙe da shi tun rasuwar Baba. Bana ya gama sakandare, ya ci jarrabawarsa da kyau. Da kansa ya zaɓi kwalejin sana'a ta shekara biyu don ya koyi gyaran injuna, saboda injin niƙa na unguwarmu in ya lalace sai mun yi wata muna daka kafin makaniki ya zo daga Jos. Ranar Juma'a, 30 ga wannan wata, za a rufe karɓar fom, kuma ba a karɓa sai da hatimin kwamitinku. Ga abin da ya faru:

1. Ranar 8 ga Agusta muka kawo fom wurin sakatarenku, Mista Wilfred. Ya duba sakamakon, ya ce abin kunya ne yaro mai irin wannan kai ya je ya sha baƙin mai, wai makarantar sana'a ta waɗanda suka faɗi ce. Ya ce Celestine ya nemi aikin akawu, ya ɗaura nakatai a wuya kamar mutane. Yana maganar yana fifita da fom ɗin, don fankar ofis ta mutu tun Ista. Celestine ba ya iya ganin abu a lalace ya ƙyale. Ya hau tebur, kafin Mista Wilfred ya gama nasiha fanka tana juyawa. Aka ce mu dawo mako mai zuwa.

2. Ranar 15 ga Agusta aka ce ba za a iya buga takardar rakiya ba, tafireta ta cije. Celestine ya gyara ta. Abu na farko da aka buga da ita shi ne sanarwar cewa an ɗage duba fom.

3. Ranar 22 ga Agusta aka nuna masa kabad ɗin ofis, wanda makullinsa ya daɗe ba ya kamawa. Ya gyara. A gaban idona Mista Wilfred ya sa fom ɗin a ciki, ya kulle, ya jefa ɗan makullin a aljihu, ya yaba aikin ƙwarai. Ranka ya daɗe, lokacin da kabad ɗin yake a lalace, na ji an ce takardu suna fita da wuri.

4. Daga ranar zuwa yau, kowace Litinin akwai abin da ke jiran ƙanena a kan benci: babur ɗin Mista Wilfred, rediyon matarsa, dutsen gugar surukarsa, da wani agogon bango da ban san mai shi ba. Makon jiya har layi na tarar, da wata mata daga garin Gidan Waya riƙe da keken ɗinki, tana tambaya ko nan ne kwamiti.

5. Ranar 12 ga Satumba na daure na tambayi fom. Mista Wilfred ya ce ya canza ra'ayi: yanzu ya ga yaron ya riga ya iya, don haka shekara biyun nan ɓata lokaci ne, ya fi amfani a kusa. A da kan yaron ne ya fi ƙarfin makarantar, yanzu kuma hannunsa. Ban san wane sashe na jikinsa ya rage da za a yarda ya tafi ba.

Ranka ya daɗe, ba na zargin kowa da mugunta. Amma na bar makaranta ne don Celestine ya ci gaba. Shekara tara ina fere citta har fatar yatsuna ta canza, ban taɓa gaya masa ina kewar aji ba. Ban yi haka don ya ƙare a bencin ofis yana gyaran dutsen guga, ba takardar shaida ko ɗaya ba.

Saboda haka ina roƙo cikin tawali'u a umarci Mista Wilfred ya buɗe kabad, a buga hatimi, a ba mu fom ɗin ranar Litinin, 26 ga wata, don mu samu jirgin ƙasan da zai kai shi kan lokaci. Ina kuma sanar da kwamiti cewa na kulle sukudireba da filaya da sifanun Celestine a akwatina, ɗan makullin yana wuyana. Zai zo hannu a aljihu.

An gaya mini motar Maigirma ma tana wahalar tashi da safe. Ina roƙo, don girman Allah, a buga hatimin tukuna kafin a tayar da ita a inda Celestine zai ji.

Ubangiji ya ƙara maka lafiya da girma.

Taka cikin biyayya,
Martina Zamani