Littafin da Na Ɓoye a Bayan Amfilifaya

Zuwa ga Kakana,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan ka tashi lafiya. Yaya gwiwar nan taka, ta ɗan sassauta? Na san za ka yi dariya ka ce wace irin jika ce take rubuto wasiƙa alhali tsakanin ɗakinta da naka bai fi taku goma ba. To ka san halina, in na tsaya a gabanka ba na iya faɗin abin da ke raina.

Kaka, akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Yaya da muke kwana ɗaki ɗaya. Ni ce na kashe maka bawul ɗin amfilifayarka.

Tun ina 'yar shekara bakwai nake zama a kan ƙaramar kujerar nan ta ɗakin rediyonka. Har yanzu ina jin ƙanshin dalma in kana liƙi, ina ganin bawul biyun nan, manyan kwalaben gilashi masu ja kamar garwashi. Kakan kunna ka jira su ɗau ɗumi, kana cewa ko tsoho sai ya miƙe ƙafa kafin ya tashi. Sannan ka kira abokinka Likita ta rediyon nan taka ta magana, wanda shekara ashirin kuna hira ba ku taɓa ganin juna ba, ku yi ta gardama a kan wanda ya fi wani ciwon baya. Kai ka gaya mini rediyon ita kaɗai muryarta ba ta kaiwa garinsu, sai amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi. Ni kuwa ina gefe ina mafarkin wata rana za a ji wata murya daga bayan teku tana tambaya ko ina kusa. Don Allah wannan kada ya kai kunnen Yaya.

Bara da jarrabawa ta matso, Mama ta hana ni littattafan soyayya, ta ce duk wanda ta sake gani a hannuna da shi za ta hura wuta. Duk gidan nan ɗakinka ne kawai ba ta shiga. Sai na riƙa zura littafi a bayan amfilifaya, tsakaninta da bango. In na gama wannan in sa wancan, wajen sati shida.

Ka tuna yammacin da abin ya faru? Kana tsakiyar ba Likita labari sai muka ji tas, kamar an fasa faranti. Wata walƙiya ta hasko ta ramukan murfin, allurar mita ta buga ƙarshe ta dawo, fis ya ƙone. Da ka fita ɗauko tabarau na zaro littafina. Ya manne da bayan akwatin, da ɗumi kamar an goge shi.

Sati biyu muka yi muna neman ciwon, ni ce mai riƙe tocila. Kullum sai ka zare waya daga soket, ka jira, ka taɓa ciki da sandar nan mai wayar ƙasa don sauran wutar ta zube, hannu ɗaya a aljihu. Ka ce wutar ciki ba ta san kaka ba balle jika. Ka bi lungu-lungu kana neman baƙin tabon da tartsatsi ke bari, a makunnin sauya zango da fayafayan ƙarfen nan masu shiga juna, ba ka ga komai ba. Sai ka cire bawul biyun ka kunna, shiru, ba tartsatsi. Ka ce ashe matsalar a cikin kwalba take. Ka mayar da su ɗaya bayan ɗaya. Na dama lafiyarsa ƙalau. Na hagu kuwa, wani haske ruwan hoda ya cika cikinsa, ka yi maza ka kashe. Ka nuna mini wata 'yar tsaga a gindinsa wurin ƙafafu, ka ce ta nan iska ta shiga, kuma zafi ne kaɗai ke yin haka.

Ka duba fanka, tana juyawa ba wata matsala. Ka daɗe kana kallonta, sannan ka cire tabarau ka ce in fanka ba ta da laifi, to kai ne. Ido ya tafi, ka yi saiti ba daidai ba, ka matsa wa bawul har ya gaji.

Kaka, ta ramukan baya fankar take jan iska. Su littattafaina suka toshe. A bangon littafin ƙarshe har da zanen ramukan, layi-layi da ƙura. A take na gane, na sauke tocila, kai kuma ka ce yarinya ta gaji, in je in huta. Na tafi na bar ka da laifin.

Yau shekara guda ke nan ka lulluɓe kayan da tsohon zanin gado. Na san akwai sabon bawul a aljihun tebur, naɗe cikin tawul, ka ƙi sawa wai kada shi ma ka kashe shi. Likita ya kira ka a waya sau biyu, ba ku yi minti uku ba, ka ce waya ba ta da daɗin hira. Yanzu da yamma sai ka zauna a baranda kana kallon titi, in na kawo shayi ba ka ko tsokanata. Jiya kuma na ji kana gaya wa Baba cewa ranar Asabar mai gyaran talabijin zai zo ya kwashe komai.

Idonka lafiya yake, saitinka daidai ne. Ka yafe mini. In ka ga dama ka gaya wa Mama, duk hukuncin da ta yanke na ɗauka. Abu ɗaya nake roƙo: kafin Asabar ka gwada sabon bawul ɗin, ka janyo akwatin nesa da bango. In ba ka son ganina a ɗakin, sai in tsaya daga bakin ƙofa.

Sau uku ina rubuta wasiƙar nan ina yagawa. Da niyyata in tura ta ƙarƙashin ƙofarka in gudu, sai na tuna ba ka cika duba ƙasa ba, kana iya tsintarta bayan an riga an kwashe kayan. Don haka anjima zan kawo maka ita da hannuna, kuma zan tsaya har ka kai ƙarshe.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Jikarka,
Shiru-shiru