Ranar da Toranke Ta Yi Mini Gaisuwarki

Kademi, Alhamis.
Aikin farko: feshin wake a gonar bakin rafi. An yi rabi, iska ta taso, na bari.

Zuwa ga Zulfa, sanyin idona, ƙamshin ƙasa ranar ruwan farko, inuwar tsamiya ga wanda ya wuni a duƙe da fartanya, ruwan randar da aka ajiye a lungu tun safe! Ke hasken da ke shigowa ɗakina ta akwatin talabijin, a kashe akwatin ya ƙi fita. Amincin Allah ya tabbata a gare ki.

Ki yi haƙuri da layin farko. Littafin ayyukan gona na buɗe, hannuna ya fara abin da ya saba kafin zuciya ta karɓe biron. Na so in yage shafin in sake, sai na ga in na fara sakewa, har a girbe waken ban gama ba. Kin san ni.

Kin ji labarin ranar Litinin daga bakin Baffanki Sharfaddeen, an ce kin yi dariya har da hawaye. To, ga nawa ɓangaren, wanda ba ki ji ba.

Ranar Lahadi aka nuna rasuwar Ummu Salma, nas ɗin ƙauyen da kika yi shekara goma da wani abu kina fitowa a matsayinta. Ni da ban taɓa fashin shirinku ba, ranar ban gani ba, iskar hadari ta kayar mini da eriya. Da gari ya waye sai wani guntun wasan ya shiga wayoyin mutane, babu sunan shiri, babu bayani. Fuskarki kawai, ido a rufe, ana jan mayafi a kanki, mata na salati. Inna Hure, ƙanwar mahaifinki, ta gani a wayar maƙwabciya ta ɗora hannu a ka. An kira layinki, a kashe, kina wurin ɗaukar aiki. Masu wayo sun ce mata fim ne, ta ce, “Ni za ku koya wa fuskar ’yar da na goya? Wannan ba fuskar wasa ba ce!” Kin ga abin da iya aiki ya jawo miki.

Ina auna maganin feshi a shagona Baffanki ya kira ni. Ya ce, “Barau, sai haƙuri. Zulfa lokaci ya yi.”

Ya Zulfa! Ban san yadda na tayar da babur ba. Ban rufe shago ba, ni da nake komawa in sake taɓa kwaɗo bayan na kulle. Gero ya yi kai dama da hagu, kore shar, ni kuwa haushinsa nake ji, don me zai yi kyau haka ke ba kya nan? Da na shigo Gaya na zo daidai filin makarantar nan, sai ƙafata ta taka birki da kanta.

Kin tuna filin? Muna ajin ƙarshe a sakandare, aka haɗa makarantarku da tamu mu yi wasan kwaikwayo kan rigakafi. Labulenmu zannuwan gado ne aka ɗaure da igiya tsakanin darbejiya biyu. Malam ya gwada ni a matsayin mai gari, muryata ta ƙi fita, sai ya ba ni takardar wasan ya ce in tsuguna a bayan labule, duk wanda ya manta maganarsa in raɗa masa. Kafin wasa ya yi nisa kowa na raɗa wa, ban da ke. Kin fito da ɗankwalin innarki da tsohon zani, kina ɗingishi kamar tsohuwa, mutanen da suka taso daga kasuwa suka ajiye kayansu suka tsaya. Ni kuma ta hudar zanin gado nake kallonki, na manta da takarda. Can kusa da ƙarshe kika tsaya cak, magana ta ɓace miki. Na raɗa, ba ki ji ba. Na sake raɗawa. Sai kika juyo kika dubi labule, da muryar tsohuwar nan, kika ce, “Ɗaga murya, Barau, kunnena ya tsufa!” Filin ya ɗauki dariya, kowa ya zaci cikin wasan ne. Ni kaɗai na san ba a rubuta wannan a takarda ba.

A kan babur na tsaya ina kallon darbejiyoyin. Ɗaya an sare ta. Na ce a raina, shi ke nan, ta tafi ba ta ji ba.

Da na isa Toranke har an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanku, ana jiran motar da za ta kawo ki daga Kano. Na cire takalmi na nufi gefe, wurin masu zuwa gaisuwa, don can ne matsayina. Ni wane ne? Mai shagon iri da maganin feshi a Kademi, wanda kuka yi zamani ɗaya a makaranta. Sai Baffa ya miƙe ya kama hannuna, ya zaunar da ni kusa da shi, a tabarmar masu karɓar gaisuwa. Mutum zai zo ya gaisa da shi, ya juyo ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, “Barau, ya haƙuri? Allah ya ba ka dangana.” Liman ya faɗa. Mai unguwa ya faɗa. Daga cikin gida tsofaffi suka aiko a ce wa Barau ya yi haƙuri, ya sha ko ruwa ne.

Na san tabarmar nan, Zulfa. Na zauna a irinta lokacin da matata Khaula ta rasu, Allah ya ji ƙanta, ranar da kika baro aikinki kika zo gaisuwa da hijabi har ƙasa don kada a taru a kanki. Na san wanda ake riƙe wa hannu haka. Wa ya gaya musu? Ni dai ban gaya wa kowa ba. Ke ma ban gaya miki ba. Shekarun nan da muke waya, me nake faɗa miki in ban da ruwa ya sauka, taki ya yi tsada, tsutsa ta shiga masara? Ashe duk garin ya ji abin da nake raɗawa, ke kaɗai nake tsoron ki ji!

Sauran kin sani. Ana cikin addu’a wayar Baffa ta yi ƙara, ya danna a kan kuskure murya ta fito fili, sai ga ki: “Baffa, lafiya na ga kira rututu? Wa ya rasu?” Duk tabarma ta juyo ta zuba wa wayar ido. Inna Hure ta leƙo daga zaure ba mayafi ta ce, “Ke, ja’ira, ke kika rasu!” Aka tura a dawo da masu diga daga hanyar maƙabarta. Ni ban yi dariya ba, ban yi kuka ba, ina nan zaune inda aka ajiye ni. Da mutane suka watse Baffa ya dube ni ya ce, “Malam Barau, ka zauna a tabarmar miji, ka karɓi gaisuwar miji. To, yaushe za mu ga manyanka?”

Ya farin watana, bari in gaya miki abin da ya ɗaure mini baki, ki auna ki gani ko wauta ce. Ina gidan kallo a Gaya ranar da kika fara fitowa, bayan aurenki na Kano ya ƙare. ’Yar aiki kika fito, kika kawo ruwa a tire, kika ce “ga shi, Hajiya,” kika fita. Na biya kuɗin kallo washegari don in sake ganin tiren nan. Na ji abin da aka riƙa faɗa a kanki a majalisu lokacin, na kuma ga bakunan nan sun koma suna cewa ’yarmu ce. Na ga matan ƙauyen Balan da na Kademi sun fara zuwa awo asibiti saboda Ummu Salma ta ce a je. Da guminki kika gina wannan, ke kaɗai, babu mai raɗa miki daga bayan labule. Kuma na san al’adar sana’arku: yawanci mace in ta yi aure, an daina ganinta. Ta yaya zan ce ina son haske, in zo in kife masa ƙwarya?

Shekaranjiya da la’asar kin ce mini tunda an kashe Ummu Salma, matsayin uwa aka ba ki a sabon shiri, kika yi dariyar da ba ta kai ciki ba, kika ce kin tsufa. Zulfa, tsohuwa kika fara fitowa kina ’yar sakandare, kasuwa ta tsaya! Ki karɓa. Dawa ba ta yin kyau irin ranar da kanta ya yi nauyi ya sunkuya.

Ga maganata, na ɗaga murya. Ina son ki. Ina son in aure ki. Ba zan ce ki bar aikinki ba, yau ko gobe. In masu shirin suna son jin yardar miji, zan sa babbar rigata in hau mota in je Kano in faɗa musu da bakina, ko muryar ta yi rawa. In kuwa suka ce sam, sai dai ki zaɓi ɗaya, kika zaɓi aikin, wallahi ba zan riƙe ki a zuci ba. Zan gyara eriyata in ci gaba da zama gabanki duk Lahadi kamar yadda na saba. Abin da ba zan iya ba shi ne in sake hawa hanyar Toranke da maganar nan a cikina.

Na yi wa ƙanen mahaifina, Baba Datti, magana. Ya ce a shirye yake ya je wurin Baffa ranar Juma’a ta sama, har ya tambaye ni me na tsaya jira tun da can. Na ce ya dakata sai na ji daga gare ki. Ba sai kin yi dogon bayani ba. Ki kira ki ce Baba Datti ya je, ko ki ce ya zauna. In magana ta ɓace miki, ina nan inda kika bar ni, a bayan labule.

Naki, a tabarmar da Toranke ta zaunar da ni, har ranar da za a shimfiɗa ta don ni,
Barau Abdulsalam.

Ayyukan gobe:
Ƙarasa feshin wake, in iska ta kwanta.
Ɗaure eriya da sabuwar waya.
Kai babbar riga wurin mai guga.
Ba direban motar Kano wannan takarda, hannu da hannu, kada in sake karantawa.
Goro da alewa na Baba Datti: an yi ciniki, ban ɗauko ba.
Cajin waya. Kada a kashe ta.